Inda kifi yake a Red Dead Redemption 2, da yadda ake gane wurin tun kafin a jefa ƙugiya

Duk wanda ya ɗan jima yana buga gem ɗin bidiyo na Red Dead Redemption 2 ya san akwai lokacin da harbe-harbe da fashin jirgin ƙasa suke isar mutum, sai ka ji kawai so kake ka sauka daga kan doki ka tsaya a bakin ruwa ka huta. To a nan ne tambayar take tasowa, wai ina ne ya fi kifi a gem ɗin nan? Amsar da aka saba bayarwa ita ce a turo maka hoton taswira an zazzagaye wurare da jan layi, je nan, je can. Ni dai a ganina wannan rabin amsa ce, don na sha ganin mutum ya je daidai inda aka zagaye masa, ya tsaya tun safe har rana ta faɗi a cikin gem ɗin bai kama komai ba, ya dawo yana cewa ai abin ya lalace ne ko ƙarya aka yi masa. Alhali wurin daidai ne, abin da ya maƙala a ƙugiyar ne ba na wannan ruwan ba, ko kuma ya shigo da doki a guje har cikin ruwa ya kori duk abin da ke wurin kafin ma ya fito da sanda.

Bari in fara daga tushe saboda waɗanda ba su yi nisa ba. Kamfanin Rockstar ne ya fitar da gem ɗin a 2018, labarin kuma a Amurka ta shekarar 1899 yake, kana buga Arthur Morgan, ɗan wata ƙungiyar 'yan fashi. Ba a ba ka sandar fatsa tun farko, sai a babi na biyu lokacin da Abigail, wata mata a ƙungiyarku, za ta roƙe ka ka ɗan fita da ɗanta Jack, ku je bakin kogin Dakota ƙasa da sansaninku na Horseshoe Overlook. Daga wannan mishan ɗin sandar ta zama taka, duk ruwan da ka gani kana iya gwadawa. Kifin da ke cikin gem ɗin iri 15 ne, kowane iri kuma yana da wani babbansa guda ɗaya tak, irin wanda masunta ke ba da labari, gem ɗin yana zana shi a taswira da kambi a ka. Amma abin da nake so ya zauna a kan kowa shi ne ruwan gem ɗin nan gaba ɗaya kashi uku aka raba shi, tafki, kogi, da fadama, kuma duk tsarin kamun kifin a kan wannan rabon yake zaune. In ka tsaya a bakin ruwa, tambayar farko ita ce wane irin ruwa ne wannan, sannan ka zo kan wane kifi.

Ƙananan kifaye ba su da wahala, kusan duk inda ka je za ka same su a gefe-gefe inda ruwa bai yi zurfi ba, kuma abin da suke so abinci ne irin wanda ke cikin jakarka. Bluegill da rock bass cuku suke so, perch da redfin pickerel burodi, chain pickerel da ƙaramar tarwaɗar nan bullhead kuma masara. Daga nan sai matsakaita waɗanda sai ka sayi kotonsu, steelhead trout tana yake ci, smallmouth bass gyare, largemouth bass kuma jatan lande. Su kuwa manyan, irin su muskie, sturgeon, pike, salmon, gar da babbar tarwaɗa, ba ruwansu da burodinka, koton bogi ake sa musu, wato ɗan abin nan mai ƙyalli da aka ƙera ya yi kama da ƙaramin kifi ko ƙwaro, shi ma kala uku ne, na tafki, na kogi, na fadama.

Kuma yadda ake riƙe su daban ne fa, a nan mutane da yawa suke ruɗewa. In koton gaske ne, jefawa za ka yi ka bar ɗan toton nan yana yawo a saman ruwa, ka ɗan riƙa girgiza sandar jefi-jefi, kada ka yi gaggawar fizgewa in ka ga ana ɗan taɓawa, jira sai toton ya nutse sosai kwantirola ta yi rawa a hannunka. In kuwa na bogi ne to barinsa wuri ɗaya ɓata lokaci ne, sai kana naɗe zaren a hankali a hankali yana tafiya cikin ruwa kamar mai rai, shi ya sa da na bogi ake son jifa mai nisa, ka wuce inda kifin yake sannan ka jawo abin ta gaban hancinsa.

Yanzu ga abin da ya fi komai a wurina, karanta ruwa. Idan ka iso bakin tafki ko kogi, ka sauka daga doki tun da ɗan nisa ka ƙaraso da ƙafa, kada ka yi harbi a kusa, kada ka shiga ruwan kana fantsama. Ka tsaya ka kalli saman ruwan kawai. Za ka fara ganin wasu 'yan zobba suna buɗewa a wuri ɗaya suna ɓacewa, wani lokaci ƙwari suna ta shawagi a kan wurin, can sai ka ji fal, wani ya yi tsalle ya koma, in ruwan garai-garai ne ma har inuwarsu za ka hango suna karkaɗa bindi a ƙasa suna fuskantar inda ruwa ke gangarowa. Wannan ba ado ba ne aka sa don gem ya yi kyau, kifin da kake gani ɗin nan shi ne zai ci kotonka, in ba ka ga motsi ba to da wuya akwai wani abu a wurin. Sannan ka danna sandunan kwantirola biyun nan a tare ka kunna Eagle Eye, wanda ake bin sawun dabba da shi a farauta, mutane da yawa ba su san yana aiki a ruwa ba, zai haska maka kifayen har ka gane girmansu, ka san ko ƙanana ne suka taru ko akwai wani ƙato a tsakiya. Minti ɗaya na wannan kallon ya fi maka jifa goma a makance.

Wuraren da na fi samun taro kuwa, bakin da rafi yake shiga tafki, mahaɗar ruwa biyu, ƙasan inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, da kuma lanƙwasar kogi inda ruwan ya rage gudu ya yi gurbi. Da sassafe da kuma yamma lis sun fi cin koto, haka in ana yayyafi. Kowane kifi ma in ka kama shi sau ɗaya, ka buɗe kundin nan da gem ɗin ke tara bayanan dabbobi, za ka ga an rubuta irin ruwan da yake so da koton da yanayin da ya fi fitowa. Wallahi yawancin abin da mutane ke nema a YouTube yana rubuce a cikin wannan kundin, ba a dai buɗewa ne.

Ga sabon shiga, kogin Dakota ya ishe shi makaranta. Abin da ya sa nake son sa shi ne dogo ne, ya taso tun daga duwatsun arewa ya gangaro har ya faɗa Flat Iron Lake, kuma kifinsa yana canzawa da tafiyar. A kudu inda ya yi faɗi ya kwanta za ka yi ta samun pickerel da bass da 'yan ƙanana, kana yin arewa wajen Cumberland Falls zuwa sama ruwan yana ƙara sanyi da gudu, sai ka fara haɗuwa da salmon da pike. Ka ɗauki yini ɗaya na cikin gem ka bi gaɓarsa daga ƙasa zuwa sama kana tsayawa duk inda ka ga motsi, kafin ka kai ƙarshe ka gane yadda abin yake ba tare da kowa ya koya maka ba. Babban chain pickerel ma a cikinsa yake, arewa maso yamma da Flatneck Station.

Flat Iron Lake kuma shi ne babban tafkin da ke tsakiyar taswira, a babi na uku sansaninku zai koma Clemens Point a bakinsa, ka ga kenan daga tanti zuwa ruwa taku kaɗan ne. A nan ne za ku shiga kwale-kwale da Dutch, shugaban ƙungiyarku, da dattijon abokinsa Hosea, in ka saurari hirar Hosea da kyau darasi yake ba ka a fakaice. Javier da Kieran, su ma 'yan sansaninku, kowannensu zai iya gayyatarka fatsa in ka same shi a sansani a lokacin da ya dace, don Allah kada ka ƙi, musamman Kieran, shi ne zai kai ka har inda babban bluegill yake. Matsalar Flat Iron ɗaya ce, girmansa ya yi yawa, daga gaɓa ƙanana da matsakaita za ka yi ta ja, in manya kake so sai ka samu kwale-kwale ka ɗan shiga ciki wajen tsibiran nan.

A gaɓar arewa maso gabas ta wannan tafkin ne wani mutum yake zaune a kan ɗan dandamalin katako gaban bukkarsa, Jeremy Gill, mai ji da kansa a harkar su, mai son a san shi. Shi zai ba ka taswirar manyan kifaye 13, ya ce duk wanda ka kama ka aiko masa ta gidan waya. Taswirar tasa zane ne kawai ba ta da ƙwaƙƙwaran bayani, amma da ka shiga yankin da ɗaya yake gem ɗin zai sanar da kai a gefen sikirin, ya kuma zana kifin a taswirarka. Kafin ka fara yawon nemansu ka wuce Lagras tukuna, wani ɗan ƙauye a cikin fadamar Bayou Nwa arewa da Saint Denis, a can ne shagon koto yake, kuma a can kaɗai ake sayar da koton bogi na musamman guda ukun nan, dala 20 kowanne. Ka saye su duka a tafiya ɗaya, don hanyar ba ta kusa ba ce.

To ga inda ake faɗuwa. Koton musamman ruwan yake bi, ba sunan kifin ba. Misali salmon na yau da kullum koton kogi yake ci, amma babban salmon ɗin a Lake Isabella yake zaune, tafki ne, saboda haka na tafki za ka sa masa. Muskie da sturgeon na yau da kullum koton tafki suke so, amma manyansu duka biyun a kogin Lannahechee suke, sai na kogi. Mutum zai haddace cewa muskie na tafki ne, ya je garin Van Horn da ke bakin wannan kogin ya sa na tafki ya yi ta naɗe zare har hannunsa ya gaji. Shi ya sa na ce tun farko ka fara tambayar wane irin ruwa ne a gabanka.

Tunda ka riga ka zo Lagras, babban gar yana nan kusa, kifin nan mai dogon baki cike da haƙora. Fadamar nan akwai kifi, gaskiya akwai, tarwaɗa manya-manya da gar da bass, amma ba wurin da za ka saki jiki ba ne. Ruwan duhu ne kore-kore ba ka ganin ƙasa, itatuwa sun tsaya a ciki gansakuka na reto a jikinsu, ga hazo da safe, ga kukan kwaɗi ko'ina, sannan abin da ka ɗauka gungumen icce ne a gefenka sai ka ga ya buɗe ido. Kadoji sun cika wurin, kuma lokacin da kake kokawa da kifi idonka yana kan zare, ba ka ganin abin da ke tahowa ta gefe. Doki ma yana jin su tun kafin kai, ya fara haniniya yana tirjiya, in ba ka yi wasa ba ya watsar da kai ya gudu. Shawarata a fadama kullum ka nemi dandamalin katako ko gada ko kwale-kwale, ka kunna Eagle Eye ka duba gaɓar kafin ka tsaya, kuma da rana, dare a Bayou ba na fatsa ba ne.

Wani abin da masu zagaye taswira ba sa faɗa shi ne wuri mai kyau ba inda kifin yake kaɗai ba ne, har da inda za ka tsaya da inda dokinka zai tsaya da kuma nisan gidan waya. Ƙananan kifaye jaka suke shiga, amma manya sai dai ka saɓa a kafaɗa ka ɗaure a bayan doki, kuma guda ɗaya tak yake ɗauka, in akwai gawar barewa a wurin ma sai ka zaɓi ɗaya. Ɗauki babban sturgeon, yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa kudu maso yamma da Saint Denis. Kana iya tsayawa a kan layin dogon ka jefa, mutane da yawa haka suke yi, amma jirgi yana wucewa ta nan fa, kuma kifin ba mai saurin gajiya ba ne, kana tsakiyar ja sai ka ji usur daga nesa, ga gada ba faɗi, ga doki in ka shigo da shi. Ni na fi son in samu kwale-kwale in shiga ta ƙasa hankali kwance, in ya fito a sa shi a ciki a tuƙa zuwa gaɓa, gidan wayar Saint Denis kuma ba nisa. Babban muskie shi ma a gindin hasumiyar fitilar Van Horn yake, wajen duwatsun nan, sai ka zaɓi dutsen da za ka iya komawa tudu daga kansa da kifi a kafaɗa, don Arthur bai iya dogon iyo ba, amma daɗinta gidan waya yana nan cikin garin.

Lake Isabella kuwa tafiya ce ta gaske, can ƙuryar arewa maso yamma cikin dusar ƙanƙara. Ka tabbata akwai kayan sanyi a kan dokinka kafin ka hau, in ba haka ba lafiyar Arthur za ta yi ta zuƙewa kana ji kana gani, ga kyarketai a hanya. Amma wurin ya cancanci wahalar, wani ɓangaren tafkin ya daskare wani a buɗe, ruwan tas kamar gilashi har kana hango jajayen bayan salmon suna gilmawa. Kuma tafiya ɗaya ce mai riba uku, don a kewayen tafkin nan ne farin dokin Larabawa yake yawo, wanda ake kamawa a horar, a nan ne kuma wani farin ɓauna da ake farauta yake. Sai dai ka tsara abin da za ka fara ɗauka, bayan dokin ɗaya ne, gidan waya kuma sai ka gangaro har Wallace Station ko Strawberry. In ka sauko Strawberry ɗin ka leƙa Owanjila da ke yamma da garin, ɗan tafki ne mai madatsa, a nan babban smallmouth bass yake, wuri ne mai sauƙi ba tashin hankali.

Akwai wurin da nake zuwa don dole kawai, Elysian Pool, can gabas kusa da Butcher Creek. Babban perch a nan yake shi ya sa, amma da ka iso za ka ga ruwan ya canza launi, dabbobin kewayen duk sun ƙanjame gashinsu na zubewa, mutanen ƙauyen ma ba lafiya gare su ba. Ruwa ba ya tsami banza, dattin haƙar ma'adinai ne ya gurɓata shi, akwai ma wani ɗan labari na gefe da zai kai ka har cikin kogon da ke bayan ruwan da ke zubowa ka ga tushen abin da idonka. Ka kama perch ɗinka ka yi gaba. In ka ci gaba da yin arewa ka wuce Annesburg har ƙarshen taswira wajen Willard's Rest da Brandywine Drop, a can babban steelhead yake, shi kam wurin yana da kyau ƙwarai kuma ba kowa.

In kuwa aka ce in zaɓi wuri ɗaya a duk gem ɗin, O'Creagh's Run zan ce ba tare da dogon tunani ba. Tafki ne madaidaici a Grizzlies ta gabas, arewa da Emerald Ranch, duwatsu da dogayen itatuwa sun kewaye shi, da ɗan tsibiri a tsakiya. Dalilina na farko ruwan a bayyane yake, duk abin da na faɗa a sama game da karanta ruwa a nan za ka gan shi ƙuru-ƙuru, kana tsaye a kan dutse kana kallon pike yana biyo kotonka a baya a baya, ya ɗan tsaya, ya sake matsowa, kafin ya kai cafka, wallahi duk sanda na ga haka sai gabana ya faɗi. Na biyu akwai manya da ƙanana a wuri ɗaya, salmon da pike ga kuma 'yan ƙanana a gefe, ba sai ka yi ta sauya wuri ba. Na uku girmansa daidai ne, kana iya zagaye shi da ƙafa kana gwada kowane lungu, ba kamar Flat Iron da sai ka yi ta tuƙi ba. Ka kafa tanti a gaɓa, ka gasa abin da ka kama, ka kwanta zuwa asuba ka tashi daidai lokacin da suke ci. Abin lura kawai yankin beyar ne, a arewa da nan ne ma Hosea ya kai ka farautar ƙaton beyar nan a babi na biyu, saboda haka bindiga mai nauyi ta kasance a kafaɗarka ba a kan doki ba.

Sannan a bakin wannan tafkin ne bukkar Hamish Sinclair take, tsohon sojan nan mai ƙafar katako da dokinsa Buell. Sai a babi na shida kake haɗuwa da shi, ka taimake shi ya samo dokin, shi kuma ya gayyace ka gidansa. A cikin ziyarar ne za ku shiga kwale-kwale ku nemi wani ƙaton pike da ya daɗe yana fama da shi, wannan ba ya cikin 13 ɗin Gill, nasa daban ne. Ba zan faɗi yadda labarinsu ya ƙare ba, amma a lokacin da kake haɗuwa da Hamish abubuwa sun riga sun yi wa Arthur nauyi ta ko'ina, kuma zaman nan na cikin kwale-kwale da dattijon da ba ya neman komai a wurinsa sai hira, yana cikin abubuwan da suka fi taɓa ni a gem ɗin gaba ɗaya. Duk wanda ya tsallake wannan don yana saurin gama labari ya yi asara babba.

Kan jan babban kifi kuma, tunda samun wurin ba shi ne fito da shi ba. In ya fara fizga kada ka naɗe zare ko kaɗan, tsinkewa zai yi kuma koton naka na iya tafiya da shi, ka dai riƙe, ka karkata sandar zuwa kishiyar inda ya nufa har ya gaji. Da ya lafa sai ka ɗaga sandar sama ka jawo shi, ka sauke kana naɗewa da sauri, ka sake ɗagawa, haka haka har ya sake tashi. Ka kuma lura da duwatsu da kututture a tsakaninku, wannan ma yana cikin zaɓen wurin tsayawa. Wanda juya sandar kwantirola ke gajiyar da babban yatsansa ya shiga setin, akwai inda ake mayar da naɗewar ta zama danna maɓalli kawai. Ƙananan da ba ka buƙata kuma ka mayar da su ruwa, yana ƙara wa Arthur mutunci a ma'aunin nan na gem.

Na san akwai masu cewa duk wannan wahalar ta mece ce, ai sai ka jefa nakiya a ruwa su taso ka kwashe, ko ka harbe su da kibiya a inda ba zurfi. Gem ɗin ya yarda da hakan, kuma in nama kawai kake nema ka kai wa Pearson mai dafa abinci a sansani ko ka sayar wa mahauci, to ba laifi. Amma ni ban ga abin da mutum ya samu ba. A Zelda: Breath of the Wild na 2017 babu ma sandar fatsa, da hannu ko da bam ake kamawa kuma ya dace da yadda gem ɗin yake. A Minecraft kusan kowane ruwa ɗaya ne, ka haƙa ɗan rami ka zuba ruwa ma kifi zai fito, sai dai ruwan sama yana sa su ci da wuri. Shi kuwa wannan, mutane sun zauna sun ware wane kifi ne zai zauna a ruwan sanyi wane a fadama, sun sa ka iya ganinsa da ido tun kafin ka jefa, to in ka wurga nakiya duk wannan aikin ka tsallake shi.

Wanda bai gama labarin ba yana iya tsayawa a nan, don sauran bayanin ya taɓa ƙarshe. Uku daga cikin 13 ɗin ba za ka iya zuwa wurinsu cikin kwanciyar hankali da Arthur ba, saboda suna yankin Blackwater zuwa New Austin inda ake nemansa a raye ko a mace, da ka tsallaka kogin Upper Montana za a fara bin ka da harbi. Su ne rock bass a Aurora Basin cikin dajin Tall Trees, redfin pickerel a Stillwater Creek kusa da Thieves' Landing, da largemouth bass a kogin San Luis kusa da Lake Don Julio. Kada ka ɓata lokacinka, ka kama goman da ke hannu ka aika, sauran ka bar su sai bayan babi na shida lokacin da gem ɗin ya koma hannun John Marston, mahaifin Jack, taswirar da koton duk suna nan. Sai dai da John dole ka sake lissafin wurin tsayawa gaba ɗaya, shi bai iya iyo ba ko kaɗan, ruwa ya wuce kansa to shi kenan, saboda haka kwale-kwale da shi sai da taka-tsantsan, gara gaɓa mai faɗi ko dandamali. In ka aika na 13 ka ɗan jira ka koma gidan waya, wasiƙar Gill za ta zo ya gayyace ka bukkarsa, daga nan ku tafi Rio Bravo neman babbar tarwaɗar da ya ce babu irinta. Wannan kam ba sai ka nemi wuri ba, shi zai kai ka da kansa, kuma shi zai riƙe sandar, kai naka ɗaukar hoto ne.